Daminar da Aka So Rufe Makarantar Rijiyar Kanya

Assalamu alaikum. Na gode da kuka ba ni kujera mai majingina, don bayan nan nawa ya daina shiri da benci. Shugaban ƙungiyarku ya ce in yi wa sababbin hedimastoci magana, ku da aka miƙa wa takarda bana. Ina shigowa na ji wani a cikinku yana ce wa abokinsa shi kam ya huta, ya rabu da alli, yanzu sai zaman ofis da sa hannu. Ban ga fuskarsa ba, kuma ba na son a nuna mini shi, don ni ma haka na zata ina kamar shekarunsa. Sunana Isyaku. Shekara talatin da biyar na yi a aikin nan, sha huɗu daga ciki ina riƙe da alƙalamin wannan ƙungiya tamu ta shugabannin makarantun firamare. Har gobe in na shiga kasuwar Zakirai, Sakatare ake kirana. Bari in gaya muku yadda na san aikin.

Aikin farko da aka sa ni a makaranta fasa batir ne. Na iso da sabuwar riga da takardar shaidar koyarwa a cikin ambulan, na sami hedimasta, Malam Garba, wani gajeren mutum mai ƙaramar murya, yana tsugune yana duba gindin bango inda gara ta hau. Ya karɓi takardata ya karanta har ƙasa, sannan ya miƙo mini kwano cike da tsofaffin batiran rediyo. Ya ce in fasa su in kwashe baƙin da ke ciki, in kwaɓa da ruwa da ɗan ƙaro, in shafe allunan ajujuwa shida da tsumma. Allon siminti ne a jikin bango, duk ya koɗe ya yi fari.

Na ce, "Malam, ni fa koyarwa aka turo ni."

Ya ce, "Na gani. To a kan me za ka rubuta abin da ka zo da shi?"

Kwana biyu hannuna bai wanku ba. Amma ran nan na san allo ba ya son a shafa shi da kauri, yana ɓarewa, kuma ba a rubutu a kansa sai ya kwana. Daga nan ya koya mini ƙararrawa, wani tsohon ƙarfen ƙafar babbar mota da aka rataye a reshen darbejiya. Bugu uku na shiga aji, bugu biyu na fita hutun tara, dogon bugu na tashi. Mutanen ƙauyen da ƙararrawarmu suke sanin lokacin kai abinci gona, don haka in ka makara ba yara kaɗai ka ɓata wa rana ba.

Rajista kuwa, shekara guda na yi ina kiran suna kafin in gane karanta ta ake yi. Malam Garba yakan ɗora yatsa a kan layin yaro ya bi shi a hankali. In fashin ranar kasuwa ne kawai, talla ce. In a farkon damina ne, noma ne. In yaya da ƙani suka ɓace rana ɗaya, to gidan ne ba lafiya, ko an yi rashi ba mu ji ba. Dokarsa ɗaya ce: in ka ga alamar fashi uku a jere gaban sunan yaro, kada ka jira ta huɗu.

Tela yana da masu kawo masa ɗinki, maƙeri yana da masu kawo gyaran garma. Mu namu masu kayan iyayen yara ne, kuma su ba sa zuwa wurinmu, mu ne muke zuwa. Na tuna gidan wani Malam Tanko da ya janye 'ya'yansa uku lokacin noman farko. Ni da na so mu tura masa takarda. Malam Garba ya ce in ɗauko kekena. A gona muka same shi. Malam Garba ya tuɓe takalmi a bakin kunya, ya yi sallama, ya yabi geron, ya tambayi inda ya sami taki mai kyau haka. Sai da suka daɗe a kan maganar ruwa da ciyawa kafin ya ce, "Yaran nan namu, ajin ya yi shiru ba su."

Malam Tanko ya ce, "Malam, dubi ciyawar nan. Ni kaɗai ne. In ta cinye geron, bokon ne zai ciyar da su?"

Malam Garba bai yi masa wa'azi ba. Ya ce, "Ba zai ciyar da su bana ba. Ka ba ni su daga safe zuwa tara ta biyu, sati uku, ni kuma in sako maka su rana ba ta yi zafi ba."

Aka rabu a haka. A hanya ya ce da ni, mutumin da ka je wa gona ka tuɓe masa takalmi zai yi wuya ya kunyata ka, amma takarda kowa yana iya sa ta a ƙarƙashin tabarma.

Da aka ba ni tawa makarantar, Malam Garba ne ya kai ni taron ƙungiya na farko. Lokacin shi ne shugaba. Asabar ɗin farko ta kowane wata muke haɗuwa, kuma ba mu da ofis. Wata-wata muke zagayawa, yau makarantar wannan, gobe ta wancan, komai nisanta. Sai ka hango kekuna sun fito ta hanyoyin cikin gonaki daga gabas da yamma, a jingine su a inuwa, wani da ƙullin rogo, wani da gorar fura. Kafin a zauna sai an zagaya makarantar mai masauki aji-aji. A duba allo, a buɗe rajista, a leƙa masai, a taka iyakar fili. Sannan a shiga ofishinsa a rufe ƙofa a gaya masa gaskiya, ba a gaban malamansa ba. Ranar da aka zo tawa, wani dattijo ya ce, "Isyaku, ajinka na ɗaya ka ba malamin da ya fi kowa rauni. Can ake sa gwani." Na ji zafinta. Litinin na canza. A ɗakin nan ne sabon hedimasta yake koyon abin da ba a koyarwa a kwaleji: yadda za ka tsawata wa malamin da ya girme ka, yadda za ka zauna gaban dagaci, yadda za ka karɓi sufeto ba tare da ƙarya ba kuma ba tare da rawar jiki ba.

An ba ni sakatare ne don rubutuna yana karantuwa. Kayan aikin da na gada su ne tafireta mai harafi ɗaya da ya maƙale, sai na cike shi da biro, da takardar kabon da ta sha jiki, da hatimin ƙungiya, da fayil guda. Malam Garba ya koya mini wasiƙar ofis. Magana ɗaya a wasiƙa ɗaya. Kada ta wuce shafi. Kada ka zagi kowa a ciki, don takarda ba ta ruɓewa a fayil, mutumin da ka zaga zai iya zama shi ne a kujera baɗi. Kuma ba a aika ta. Mutum uku ke ɗaukar ta da hannu, su zauna har a karanta a gabansu. Da irin wannan muka samo wa makarantu malamai, muka dawo da wanda aka yi wa canjin wuri bisa ƙage, muka sa aka daina tura mai jego ƙauyen da ba mota.

Yanzu bari in zo kan mummunar shekara.

Ruwan farko na shekarar da iska ya zo, iskar da ta tuge bishiyoyi. Makarantu da dama sun rasa kwano, amma ta Rijiyar Kanya ta fi kowa shan wuya. Ƙaramar makaranta ce can ƙarshen yankinmu, ajujuwa uku a gini ɗaya, kuma iskar ta ɗauke rufin gaba ɗaya ta nannaɗe shi ta jefar a gonar wani. Shugabarta Malama Yagana ce, mace ta farko da ta riƙe makaranta a wajenmu. Kakanninta daga Barno suka zo fataucin kanwa suka zauna, ita nan aka haife ta. Doguwa ce, ba ta da yawan dariya, kuma ba ta iya ɓoye magana ba. Ta kwashe yara ta koma gindin tsamiya. To amma damina ce. Hadari na haɗowa sai a sallami yara, iyaye kuma suka ga tunda ba aji, gara yaro ya tafi gona.

Ku da kuka tashi a nan kun san yadda ƙasa take a wajenmu. Babu daji, babu saura. Gona tana manne da gona har bakin ƙofar gida, ana haihuwa ana raba gado, ƙasar ba ta ƙaruwa. Filin makaranta shi ne kaɗai wurin da ba a huɗa a ƙauye, don haka ido yana kansa kullum. Maƙwabcin makarantar Rijiyar Kanya wani ɗan kasuwar gyaɗa ne, Alhaji Namadi. Shekaru yana ƙara kunya ɗaya ko biyu cikin filin duk damina, ana yin shiru. Wannan shekarar da ya ga gini ba rufi, sai ya sa garmar shanu ta huɗe filin har kusa da tagar aji, ya shuka gyaɗa.

Malama Yagana ta same shi a bakin gonar, gaban 'yan ƙwadagonsa, ta ce, "Alhaji, ka ji tsoron Allah. Haƙƙin yara kake ci." Gaskiya ta faɗa. Amma a gaban mutane ta faɗe ta, kuma shi mutum ne da ake tashi in ya shigo. Ya tafi ofishin ilimi ya ce makaranta ta mutu, ba yara, sai wata mace mai neman fitina. Aka turo sufeto. Allah ya sa ranar kasuwa ce, kuma an kwana ana ruwa. Ya tarar da yaran da ba su cika tabarma biyu ba. Abin da ya gani ya rubuta, ba na ganin laifinsa. Bayan sati biyu takarda ta fito cewa in an dawo dogon hutu za a haɗe Rijiyar Kanya da babbar makarantar cikin gari.

A takarda abin ba laifi, don tafiyar ba ta da tsawo. Abin da takardar ba ta sani ba shi ne akwai rafi a tsakani. Da rani yashi ne, akuya ma tana wucewa. In ya kawo kuwa, babba sai ya naɗe wando har cinya. Babu uwar da za ta saki ɗan aji ɗaya ya tsallaka shi, kuma duk mun san 'yan mata ne za su fara zama a gida.

Da rana tsaka Malama Yagana ta iso makarantata, ƙafarta duk taɓo, ta ajiye takardar a teburina. Ta ce, "Sakatare, ƙungiyar nan ta shan fura ce ko ta aiki? Ina so in sani yau."

Na kira taron gaggawa. Ba zan ɓoye muku ba, ba duka muka tsaya ba da farko. Wani ya ce ita ta jawo da bakinta. Wani ya ce Alhaji Namadi yana da mutane a sama, duk wanda ya sa hannu a wasiƙar da za mu kai ofis ya shirya kayansa. Wasu matasa kuma suka ce a rufe makarantu duka a yi zanga-zanga. Malam Garba saura masa 'yan watanni ya ajiye aiki, shi ya fi kowa dalilin yin shiru. Ya bari kowa ya gama, sannan ya ce, "An ce makaranta ta mutu. Ba ihu za mu yi ba. Raya ta za mu yi, sannan mu kira su su gani. Wanda ke tsoro kada ya sa hannu, ba za a ga laifinsa ba. Amma ya ba mu aron benci."

Aka yi dariya, kuma a ƙarshe kowa ya sa hannu sai mutum biyu. Su ma sun ba da bencin.

Aka raba aiki. Mai unguwa ya ba da zaurensa, wani manomi ya ba da rumfar da yake ɗaure shanu aka share aka zuba yashi, liman ya ba da barandar masallaci daga hantsi zuwa kafin azahar. Amalanke ta kwaso bencina daga makarantu. Muka yanka katako muka shafa masa baƙin batir. Kowane hedimasta ya ɗauki rana ɗaya a sati, ya bar wa mataimakinsa makaranta, ya zo ya riƙe aji a Rijiyar Kanya. Ni ranar Laraba ce tawa. Na yi shekaru ban tsaya gaban 'yan aji biyu ba, sai ga ni a rumfar shanu ina koyar da tarawa da tsakuwa. Da yamma kuma mu bi Malama Yagana gida-gida. Ita ke shiga wajen mata, mu mu tsaya da maza a waje. Ta san sunan kowane yaro da na uwarsa. Cikin sati uku zauren mai unguwa ya kasa ɗaukar yara.

Maganar fili kuma, sai muka nemi littafin tarihin makaranta, babban littafin nan da kowane hedimasta yake rubuta abin da ya faru a zamaninsa. Na san wasunku ba su taɓa buɗe nasu ba. Malama Yagana ta cece shi daga ruwa, ta nannaɗe a zani. A shafin farko, hedimastan da ya buɗe makarantar ya rubuta iyakokin filin da jama'ar gari suka bayar: daga kuka ta gabas, zuwa rijiya, zuwa tsamiya, zuwa... sai rami. Gara ta cinye kusurwa ta huɗu. Muka nemi dattawan da suka halarci bayarwar, ɗaya ne ya rage, shi ma ya ce ba zai rantse a kan abin da ya manta ba.

Malam Garba ya ce kafin mu je ofis sai mun je wajen Alhaji Namadi. Muka fara gaida dagaci, ya haɗa mu da wakilinsa. Alhaji ya karɓe mu a ƙofar gida, aka shimfiɗa darduma, aka kawo ruwa. Ban same shi yadda na zata ba. Ya ce, "Malam Garba, 'ya'yana maza tara. Gonar da ubana ya bar mini ita ce dai, ba ta haihu ba. Ga fili yana kwance yara suna buga ƙwallo a kai. Kai a matsayina me za ka yi?"

Malam Garba ya ce, "Wallahi ban sani ba, Alhaji. Ni ma nawa shida ne." Sai ya buɗe rajista ya ce, "Bari in karanta maka wasu sunaye." Ya karanto guda biyar a hankali, kowanne da sunan ubansa. Jikokin Alhaji ne. Ya rufe littafin ya ce, "Ƙaramar cikinsu, Hauwa, shekararta shida. Wa zai goya ta ya tsallaka rafi da ita kullum?"

Alhaji ya ce, "Gyaɗar fa? Ta riga ta yi fure."

Malam Garba ya ce, "Ba mai taɓa shuka. Ka cire abarka in ta nuna. Daga nan a koma kan kuka da rijiya da tsamiya."

Alhaji ya ce, "Kusurwa ta huɗu fa?"

"Ba mu da shaida a kanta. Ba za mu yi maka ƙarya ba."

Alhaji ya amince, amma ya ƙara magana ɗaya. Ya ce matar nan ta ci mutuncinsa gaban yaransa, ba zai zauna gari ɗaya da ita tana shugabanci ba. Malam Garba ya ce wannan ba a hannunmu take ba, kuma ba za mu nema masa ba. Alhaji ya ce shi ya san inda zai nema.

Wasiƙar da na buga shafi ɗaya ce, kuma abu ɗaya muka roƙa: babban jami'in ilimi ya zo da kansa ya gani, ranar da ya ga dama, kada ya sanar da mu. Mu uku muka kai ta. Kwana uku muna zuwa muna zama a bencin baranda, ana ce mana yana taro. Malam Garba yakan zo da goronsa, ya gaida masinja, ya gaida mai shara, ya zauna kamar a gidansa. A rana ta uku jami'in ya fito zai shiga mota ya gan mu, ya ce, "Har yanzu kuna nan?" Malam Garba ya miƙe ya ce, "Ranka ya daɗe, ai ba mu gaji ba." Jami'in ya karɓi wasiƙar ya karanta a tsaye. Ya ce, "Ku shiga mu tafi yanzu."

Hanya biyu ce zuwa Rijiyar Kanya daga ofis. Akwai ta zagaye wadda mota ke bi. Da direba ya tambaya, Malam Garba ya ce, "Ranka ya daɗe, in ka yarda mu bi ta cikin gari, ta gaban babbar makaranta, hanyar da yaran za su riƙa bi." Jami'in ya ce a bi. Muka zo bakin rafi, ya kawo, ruwan ja yana tafe da karare. Mota ta tsaya. Jami'in ya fito ya tsaya yana kallon ruwan. Sai ya cire takalmi da safa, ya naɗe wando, ya ɗora fayil a ka, ya shiga. A tsakiya santsi ya kwashe shi, na riƙo hannunsa. Da muka haye ya tsaya yana matse bakin rigarsa, ya ce, "Wannan ba ya cikin rahoton."

Ya shiga zaure, ya shiga rumfar shanu, ya je barandar masallaci. Ya ƙirga yara da kansa, ya sa wata yarinya ta karanta masa abin da ke allo. Bai yi mana alkawarin komai ba. Kafin a yi hutu takarda ta fito an janye haɗewar. Da kaka Alhaji ya cire gyaɗarsa, aka ja igiya daga kuka zuwa rijiya zuwa tsamiya. Kusurwar da ba mu da shaida ta tafi, har yau gona ce. Mutanen gari suka yi gayya suka rufe aji ɗaya da kara da ciyawa, kwano bai zo ba sai shekara ta zagayo.

A cikin ambulan ɗin da aka janye haɗewar akwai takarda ta biyu. An mai da Malama Yagana wata makaranta a ɗaya ƙarshen yankin, a matsayin mataimakiya. Muka koma ofis sau biyu. Aka ce mana an ba mu babba, mu bar ƙarama, a samu zaman lafiya a garin. A taro aka kaɗa ƙuri'a, masu cewa a haƙura suka yi rinjaye. Malam Garba ya ce shi zai kai mata labari da bakinsa, na raka shi.

Ta saurara har ya gama. Ta ce, "Makarantar za ta zauna?"

Ya ce, "Za ta zauna."

Ta ce, "To ku roƙa mini sati biyu kafin in miƙa. Ina so in dasa shinge."

Lokacin an riga an cire gyaɗar. Sati biyun nan ita da yara suka yanko rassan bini-da-zugu suka kakkafa a kan iyakar, taku ɗaya tsakanin kowane biyu. Ta rubuta iyakokin a sabon shafi na littafin tarihi, ta sa dagaci da liman da Alhaji Namadi kansa suka sa hannu, ta kawo mini kwafi na sa a fayil. Sannan ta tafi. Ni na buga wasiƙar godiya ga ofis. Har yau ina ganin da mun koma sau na uku. Ban ce da an dawo da ita ba, amma ya kamata a ce mun koma. Ku riƙe wannan, don wata rana za a ba ku babba a ce ku bar ƙarama, kuma ƙaramar mutum ce.

Malam Garba ya ajiye aiki a ƙarshen shekarar. Ya koma gonarsa, amma bai fasa zuwa taron Asabar ba sai da ido ya hana shi hawa keke. Ranar jana'izarsa sahu uku na farko duk hedimastoci ne. Malama Yagana daga baya ta sake riƙe makaranta, ta yi ritaya, tana Ungogo wajen ɗanta. Na ziyarce ta bara. Unguwar da take duk gonaki ne a da, yanzu gini ya cinye. Abin da ta fara tambayata bayan gaisuwa shi ne ko shingen ya kama. Na ce ya fi ni tsawo. Daga cikin waɗanda suka sa hannu a wasiƙar nan, mu huɗu muka rage, kuma ba ma haɗuwa sai a wajen ta'aziyya.

Yanzu kuna da ɗakin taro mai fanka, kuna da waya, saƙo ɗaya ya ishi kowa cikin minti guda. Ban raina ba. Da muna da ita a wancan lokaci da ƙafafunmu sun huta. Amma da ana zagayawa da takardar halarta ɗazu, na karɓa na duba. Akwai layi ɗaya ba sa hannu, na sabon shugaban makarantar Tudun Gawo, Malam Nura. Na tambayi na kusa da ni, ya ce taro uku ke nan bai zo ba. Na tambaya wa ya san fuskarsa, ba wanda ya sani, sai dai lambarsa. To ni na ji labarinsa, ba a waya ba, a bakin wata mai sayar da ƙuli-ƙuli da ke zuwa daga can. Ta ce malaminsa ɗaya an ɗauke shi, ɗayan yana kwance, shi kaɗai ke riƙe da aji shida. Yana ba wannan aji aiki ya ruga wancan. Ba ƙin taro yake ba. Taronku yanzu a ranar aiki kuke yinsa, in ya fito, makarantar ce za a kulle.

Ranar Alhamis zan je. Zan iya riƙe 'yan aji ɗaya daga safe zuwa tara, in an ba ni kujera. Sai dai ba na iya tuƙi yanzu, kuma muna bukatar mutum uku. Babur ɗin wa zan hau?